Sunan da Aka Cire a Sanarwar Gwaggo

Daga Allah muka zo, can kuma za mu koma, wannan babu mai ja. Gwaggona ta koma ne wata Talata da hantsi, bayan 'yar gajeriyar jinya a gidanmu na gado a Gumel. Ban yi fushi da mutuwa ba, mutuwa aikinta ta yi. Da masu rai nake fushi, kuma shi ya sa na zauna nake wannan rubutu.

Tun ranar farko ta zaman makoki na fara jin abin da bai yi mini ba. Tsakar gida ta cika da matan unguwa da matan abokan Baffa, yayan mahaifinmu, wanda shi ne babba a gidan, kuma uba gare mu tun da namu uban ya rasu. Mayafai masu tsada, turare kamar ana biki. Kowace ta zauna sai ta sauke numfashi ta ce, "Allah sarki, baiwar Allah mai haƙuri." Wata ma cewa ta yi, "Ko muryarta ba ka ji." Na ɗago na dube ta da kyau. Gwaggon da in tana gyara wa amarya tsayuwa a ƙarshen layi, mu da muke cikin ɗaki muna jin ta? Na san shaidar alheri ake yi wa mamaci, ban ce a zage ta ba. Amma shaidar da suke ta jerowa ta wata mace ce daban, wadda ba ta taɓa kwana a gidanmu ba.

Sai na shiga duba fuskoki ina neman mutanenta. Gwaggo mai hoto ce, sana'arta ke nan sama da rabin rayuwarta, kuma sunanta ke nan a bakin kowa: Mai Hoto. Ina matan Ɗanzomo da suke aiko mata da kuka da daddawa? Ina masu nonon Maigatari, ina matan rugagen Sule Tankarkar, ina amaren Gagarawa da ta ɗauka, ta dawo ta ɗauki 'ya'yansu, ta sake dawowa ta ɗauki auren 'ya'yan? Babu ko ɗaya. Aka yi sadakar uku, aka yi bakwai, shiru. Raina ya ɓaci da su ƙwarai, na ce ashe haka duniya take.

Bayan bakwai na je na buɗe shagonta da ke bakin tasha don in share ƙura. Ina cikin shara sai ga wata matashiyar Bafulatana ta yi sallama, ta sha lalle har gwiwar hannu, jariri a bayanta an sa masa sabuwar hula. Ta ce daga wajen Ɗanzomo take, Mai Hoto ta zo ta ɗauki yaron, don ita ce ta ɗauke ta tana jaririya. Na jingine tsintsiya na gaya mata.

Ta zauna a ƙasa, ba ta ko nemi benci ba. Can ta ce, "Adda, yaushe?"

Na faɗa mata.

"Kuma ba a gaya mana ba?"

Na ce, "An yi sanarwa a rediyo, safe da yamma."

Sai ta ce, "Mun ji dai an ce wata Hajiya ta rasu a Gumel, 'yar alƙali, ƙanwar wani babban ma'aikaci, matar wani marigayi. Innata ta ce Allah ya jiƙanta, muka ci gaba da dakanmu. Ita ce?"

Ita ce. Ni ban ji sanarwar ba, ina cikin gida da hidimar baƙi. Ashe sunanta na yanka aka sa, sunan da ko ni ban taɓa jin an kira ta da shi ba, aka jera mata maza uku, biyu a cikinsu suna kabari. Sunan da ta yi wa kanta da ƙafarta da guminta kuwa, aka cire shi kamar ƙaya. Mutanenta sun ji mutuwarta da kunnensu, sun yi mata addu'ar da ake yi wa baƙo, ba su san tasu ce ta tafi ba.

Daga shagon ban tsaya ko'ina ba sai falon Baffa. Na durƙusa na gaishe shi yadda aka koya mini, sannan na ce, "Baffa, a sake sanarwa. A ce Mai Hoto ce ta rasu. Mutanenta ba su sani ba."

Ya cire tabarau ya ajiye. "Su wane ne mutanenta? Mu ne mutanenta."

"Matan ƙauyuka, Baffa. Waɗanda ta yi wa aiki."

"Ke yarinya ce har yanzu," in ji shi, ni da nake da 'ya a jami'a. "Tana raye na kasa rufa mata asiri, ba ta bari ba. Yanzu da ta kwanta, ki bar ni in rufa mata. So kike a shelanta wa duniya cewa da sana'ar hoto ta je gaban Ubangijinta? Kin san abin da malamai suke faɗa."

Ba zan yi masa ƙarya ba, an ce ya yi kuka a maƙabarta har sai da aka riƙe shi, kuma na yarda a ransa taimakonta yake yi. Wannan ne ma ya fi ƙona mini rai. Asiri ake rufewa. Gwaggo ba sata ta yi ba, ba maita ta yi ba, sana'a ta yi da rana tsaka a gaban kowa. Kuma yana wannan maganar ne a ƙarƙashin ƙaton hotonsa da ke bango, na ranar da ya yi ritaya, babbar riga da hula ƙube, ya yi kyau kamar ba shi ba. Ita ta ɗauka. Na tashi na fita ba tare da na ce na gode ba, ina lissafin cewa sadakar arba'in ce kaɗai ta rage, in ta wuce ba su zo ba, shi ke nan an tashi taron Gwaggo babu nata.

Bari in faɗi wace ce aka binne, tun da masu sanarwa ba su faɗa ba.

Mijinta mutumin kirki ne, ba ta taɓa kuka da shi ba. Amma takan ce duk zaman aurenta gida uku ta sani a duniya: nasu, namu, da asibiti. Allah bai ba ta haihuwa ba. Da ya rasu ta gama takaba, 'yan'uwa suka share mata ɗaki a gidan gado, suka shimfiɗa mata darduma, wato ta zauna ta yi ta jan carbi tana rainon 'ya'yan mutane har tata ta zo. Ko shekara arba'in ba ta kai ba a lokacin. Ta zauna na ɗan lokaci. Wata safiya ta kwashe kwanukan jerenta kaf, kwalla da tasoshi, ta kai wa dillaliya, ta hau mota zuwa Maigatari. Akwai wani tsoho mutumin Damagaram da yake ɗaukar hoto a gindin darbejiya ranar kasuwa, idonsa ya fara rauni. Ta sayi kyamararsa, ta kuma zauna masa a wuya sai da ya koya mata. Fim ɗinta na farko da aka wanko daga Kano, kusan kowa ta sare masa kai. Ta baje hotunan a kan gado tana dariya har da hawaye, ta ce, "To, zannuwan dai sun fita."

Daga nan ƙafa ta buɗe. Duk gidan da aka rubuta "Ba shiga" a ƙofarsa, mai hoto namiji iyakarsa zaure, ita kuwa har ƙuryar ɗaki. Matan da suka yi shekaru babu abin da ya taɓa riƙe kamanninsu sai madubi suka samu mai zuwa musu har gida. Tana bayan ɗan acaba, jaka a cinya, labulenta mai zanen bene da jirgin sama a naɗe a hammata, yau Gagarawa, gobe Sule Tankarkar, Alhamis Maigatari. Ta san wace hanya ce yashi ke cin taya, ta san wace rijiya ce ruwanta ke da gardi. Har tsallaken iyaka ake kiranta suna. Takan ce, "Mutane cewa suke ina ɗaukar hoto. Kyamarar ce take ɗauka ta, ta kai ni inda ban taɓa mafarki ba."

Haƙuri kuwa, Allah ya gafarta mata, ba ta da shi ko na sisin kwabo. Mace ta tsaya a gabanta ta sunkuyar da kai, sai ka ji, "Ɗago haɓar nan, ba gaban alƙali kike ba. Kunyar ki ajiye ta a bakin ƙofa tare da takalmi, in mun gama ki ɗauki abarki." Ranar aurena ina ta kuka a cikin mayafi, kowa yana lallashi, ta zo ta yaye mayafin ta ce, "Kukan naki ne, hoton na jikokinki ne. Share majina." Na share. Hoton yana nan, idona jawur, amma kaina a ɗage. Tuwonta ba ya ciyuwa, biki na dangi sai an kusa tashi take zuwa, in kuma ka ƙifta ido ka ɓata mata fim sai ta tuna maka bayan shekara. Wannan ce matar da aka zauna a tsakar gidanmu ana cewa ba a jin muryarta.

Tana da doka ɗaya da ba ta taɓa karyawa ba: hoton mace a hannun mace. Ba ta ba ɗan aike, ba ta ba miji, ba ta liƙa shi a ƙofar shago don talla. Wani magidanci daga Gagarawa ya taɓa zuwa karɓar na matarsa, ta hana shi. Ya ce, "Hajiya, matata ce fa." Ta ce, "Ban musa ba, Alhaji. Amma ita ta tsaya a gabana, ita zan miƙa wa. In ta ga dama ta nuna maka." Ya yi ta faɗa har masu shayi suka taru, bai samu ba. Washegari ta hau acaba cikin yayyafi ta kai wa matar har ɗaki. Saboda wannan dokar ne mazan da suka fi kowa tsanani suka bar ta tana shiga gidajensu, kuma saboda ita ne mata suke cire mayafi a gabanta su yi dariya da haƙoransu duka.

Ta taɓa ba ni labarin wata tsohuwa a wata ruga da jikokinta suka matsa aka ɗauke ta. Da Gwaggo ta kai hoton, tsohuwar ta daɗe tana kallo, sai ta ce, "Wannan ai innata ce. A ina kika same ta?" Jikokin suka fashe da dariya za su gyara mata. Gwaggo ta daka musu tsawa, ta ce da tsohuwar, "A hanya na gamu da ita, ta ce in gaishe ki." Tsohuwar ta sa hoton a cikin ƙwaryar da take ajiye abin wuyanta. Da Gwaggo take ba ni labarin ba ta yi dariya ba, ta ce ranar ce ta san abin da Allah ya fito da ita daga ɗaki ta yi.

Da wayoyi suka cika gari, kowa ya ce kasuwarta ta mutu. Ta sayi injin wanki ƙarami ta ajiye a shago, ta koyi ciro hoto daga waya a wajen yaran tasha, tana zaginsu suna koya mata. Takan ce da mata, "Waya tana ɗauka, ba ta ajiyewa. Ranar da ta faɗa rijiya, uwarki ta tafi ke nan sau biyu. Kawo in wanke miki." Haka ta ci gaba har ƙafarta ta fara kumburi, kuma ko a lokacin ba ta fasa Maigatari ba.

Rigimarsu da Baffa ta daɗe. Wadda na gani da idona ita ce ta wani taro da aka yi lokacin yana aiki, manyan baƙi a rumfa, ita kuma tana tsakiyar fili cikin maza masu hoto, ta ɗaure mayafi a ƙugu. Ya aika a ce ta bar wurin. Ba ta bari ba. Da yamma ya same ta a tsakar gida ya ce, "Kin zubar mana da mutunci. 'Yar gidan alƙali tana yawo da akwati a wuya kamar maroƙiya." Tana goge gilashin kyamara da gefen zane, ba ta ko ɗago ba, ta ce, "Yaya, mutuncin da kyamara za ta zubar, da ma ba a rufe tukunyar ba. Ni ban roƙi kowa ba. Da na zauna a ɗakin can, kai zan riƙa roƙa." Suka yi wata da watanni ba sa magana sai gaisuwa. Bai taɓa cin ta da baki ba tana raye. Sai da ta kasa amsawa ya samu galaba a kanta, kuma wannan ne abin da na kasa haɗiyewa.

Alhamis ta zagayo na hau motar Maigatari, ban nemi izinin kowa ba sai na mijina, shi ma ce masa na yi zan je, ba tambaya na yi ba. Na ratsa ta kara, ƙura da kukan shanu, na isa gindin darbejiyar da take kafa labulenta. Wurin babu kowa. A gefe akwai maƙwabcinta na shekaru, wani dattijo mai maganin gargajiya da yake da lasifika a kan baro, tun safe har yamma tana tallan maganin basir da kalmomin da ba a faɗa a gaban suruki. Kullum suna faɗa da Gwaggo, ita tana cewa yana sa mata amare dariya suna ɓata hoto. Da ya gan ni ya ce, "'Yar Mai Hoto, ina uwar taki? Na ji kunnena ya huta, na ce ko ƙafar ce."

Na gaya masa. Ya cire hula ya riƙe, ya mayar, ya sake cirewa. Sannan ya miƙa hannu ya kashe tallan. Masu rumfunan kusa suka juyo, don ba su saba jin wurin shiru ba.

Ya ce, "Me zan ce?"

Na ce, "Baba, faɗi yadda ka san ta."

Ya gyara murya ya ɗauki abin magana. "Jama'ar kasuwa, salamu alaikum. Mai Hoto ta rasu. Mai Hoto ta Gumel, ta gindin darbejiya, mai labulen jirgi. An binne ta ba mu sani ba. Za a yi arba'in a gidansu. Wanda ya ji ya gaya wa matan gidansa." Ya faɗi ranar, ya maimaita, ya tura baron ya shiga cikin kasuwa yana faɗa.

'Yar gidan alƙali, ƙanwar babban ma'aikaci, mai maganin basir ne ya yi mata sanarwa ta gaskiya. A rubuta wannan a ajiye. Kafin in bar wurin masu nono sun sauke ƙorai sun kewaye ni, wata tana kuka, wata tana yi mini faɗa kamar ni na ɓoye. 'Yan acaba suka ce in bar musu sauran, su za su kai Sule Tankarkar da Ɗanzomo da Gagarawa.

Ranar arba'in Baffa ya sa aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, ya zauna da abokansa da malamai, an dafa abinci daidai mutanen da yake tsammani. Ina cikin zaure ina miƙa ruwa. Hantsi bai gama ɗagawa ba sai ga motar kasuwa ta tsaya a bakin layi, mata suka yi ta sauka. Bayanta acaba, bayanta wata motar, har da amalanken shanu. Wasu da goyo, wasu da sanda, wasu da ƙwaryar gero a ka. Ba su san gidan ba, don ita ce kullum mai zuwa musu. Suna tafe suna tambayar yara da ƙarfi, "Ina ne gidan su Mai Hoto?" Duk layin ya ji.

Wata dattijuwa mai farin gashi ce a gaba. Ta tsaya a bakin tabarma, ta cire takalmi, ta durƙusa a gaban Baffa, don shi ne a tsakiya.

"Malam, nan ne gidan su Mai Hoto?"

Baffa ya dubi abokansa. Babu wanda ya taimake shi. Ya ce, "Nan ne."

"Kai mene ne naka da ita?"

"Ƙanwata ce."

Ta juya ga matan da ke bayanta ta ce, "Ga yayan Mai Hoto nan, ku gaishe shi." Sannan ta ɗaga hannuwa ta ce, "Sannu da rashi, Malam. Allah ya jiƙan Mai Hoto, ya haskaka kabarinta yadda ta fito da mu fes."

Addu'a ce, kuma a gaban malamai. Ba a jin addu'a ga mamaci a yi shiru. Baffa ya shafa fuska, ya ce, "Amin."

Ta tashi ta shige, ta bayanta ta durƙusa. "Allah ya jiƙan Mai Hoto." Ya ce amin. Ta bayanta ma haka, da ta bayan ta bayanta, layin har bakin titi, kowace da sunan a bakinta, shi kuma babu abin da zai iya cewa sai amin. Wajen azahar muryarsa ta dushe, hawaye yana bin gemunsa, ya waiwayo zaure yana nema na da ido in kawo masa ruwa.

Na kai masa, don Baffana ne. Amma sai da na bari ta ƙarshe ta faɗa, ya amsa.